Ƙasar Ganuwa ta Kabarin Baba

Da kunne ɗaya maigidana ya yi sauran rayuwarsa. Na hagu ya daina ji tun ranar da aka binne mahaifina, kuma wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kashe masa shi da tafin hannu. Jikokina sun san da kurmancin, don sai sun zagaya ta damansa kafin su roƙe shi alawa, amma ba wanda ya taɓa gaya musu dalili.

Gidanmu na Omdurman yana ƙarshen lungu, ta wajen kogi. In ka fita ƙofa ka yi dama, kafin ka kai ruwa akwai guntun ganuwa ta laka, tsayinta ya ɗan fi mutum, duk ta zaizaye, da ramuka a jikinta da aka ce ta nan ake leƙa bakin bindiga. Kakanmu yana cikin waɗanda suka gina ta. Ya taso daga yamma da niyyar Makka, ya iso garin ana tsakiyar yaƙi da gini, aka ɗora masa kwandon laka a ka, shi ke nan bai ƙara gaba ba. Da zai mutu ya ce a sa masa ƙasar ganuwar a kabari, tun da ita ta hana shi ganin Ka'aba, su tafi tare ta yi bayani da bakinta. Daga nan abin ya zama al'adar gidanmu.

Al'adar kuwa tana da tsarinta. Ba a ɗebo ƙasar a ajiye. Sai an gama wa mamaci wanka an sa likkafani, babban ɗa ya ɗauki fartanya, maza su bi bayansa, ya sara da rana a idon kowa, ya ɓallo cikin hannu biyu, a yi Fatiha a dawo a ɗauki gawa. A kabari, in an jera tubali, da ita ake toshe kafar da ke wajen kai. Malaman unguwa sun sha cewa wannan ba ya cikin littafi. Baba ya ce ya sani, ai shi ma bai ce yana ciki ba.

Bayan Turawan Ingila sun tafi da wasu shekaru sai hukuma ta tuna da ganuwa. Aka ce an yi doka a Khartum ta kiyaye gine-ginen tarihi, asar suke ce musu, duk wanda ya kankare ko ya ɓalli wani abu a jikinsu kurkuku ne makomarsa. Ranar da suka zo kafa allon ƙarfe, ba da baki suka yi wa mutane bayani ba. 'Yan sanda suka diro daga mota da bulalar fata, suka hau masu jakuna da ke haƙar ƙasa a gindinta, suka bi matan da ke shanya a kanta har bakin ruwa. Wata tsohuwa mai gyaɗa da ta shekara da shekaru a inuwar wurin, aka shure farantinta, da ta duƙa tsincewa aka zabga mata a gadon baya. Ina tsaye a ƙofar gida da goyo na ga wannan.

Ban ce dokar banza ce ba. Masu yin tubali sun kusa cinye ganuwar, da an bar su da tuni ba a san inda take ba. Amma wanda ya rubuta dokar bai san kakana ba, bai kuma aiko a tambaya ba.

Sai aka nemi gafir, wato mai gadi, maigidana ya samu. Shi ba ɗan Omdurman ba ne. Iyayensa 'yan ƙwadagon auduga ne a Jazira, ya zo birni yana dako a kasuwa, Baba ya ga natsuwarsa ya ba shi ni, ni kuwa ban yi gardama ba don na riga Baba ganinsa. Yayana, babban ɗan gidan, bai taɓa haɗiye wannan aure ba. Mahauci ne, ƙato, hannunsa ya saba da sara, ba ya kiran mijina da komai sai ɗan auduga. Hukuma ta ba maigidana sanda da usur. Baba kuwa, da yake tela ne, ya zauna ya ɗinka masa farar jallabiya irin ta kakanni, mai aljihu gaba da baya, wadda duk ta inda ka sa ta daidai ne. Ya ce mai gadin ganuwa ya kamata ya yi kama da masu ganuwa.

Aikin ya ciyar da mu, ya kuma nuna mana haƙoransa da wuri. Wata Juma'a yana masallaci, wasu masu amalanke suka yagi gefe guda na ganuwar suka gudu. Shawish, babban 'yan sandan yankin, bai nemi ɓarayin ba. Ya sa aka kwantar da maigidana rubda ciki a gaban ganuwar, mutane suna dawowa daga salla, aka yi ta tsula masa bulala har rigar ciki ta manne da nama. Da aka sako shi washegari ni na ɓamɓare rigar da ruwan ɗumi da gishiri, yana cizon matashi don kada yara su ji. Ya gaya mini abin da shawish ya ce masa a kulle: ku Takari, mutanen yamma, duk bakinku ɗaya, in aka sake taɓa wurin nan kai zan fara ɗaurewa, kuma ba kwana ɗaya ba. Tun daga ranar aka kafa rumfar 'yan sanda a ƙarƙashin bishiya, inda suke hango ganuwar suna shan shayi.

Da ciwon Baba ya yi tsanani, kowa a gidan ya san abin da ke tafe, ba wanda ya iya faɗa. Maigidana ne ya shiga ɗakin ya durƙusa, ni ina gefe ina yi wa Baba fifita.

"Baba, in ka yarda, da sassafe kafin bolis ɗin rumfar can su fito sai in ɗebo kaɗan a hannu in ba Inna ta ajiye. Ba wanda zai sani."

Baba ya dube shi. "Ɗana, ubana a ka ya ɗauki lakar nan, da rana tsaka. Ni kuma sai a sato mini ita da duku-duku kamar kazar maƙwabci?"

"Baba, hukuma ce."

"Na ji hukuma ce. Ƙasar nan babban ɗa ke sara ta, mutane suna gani. In ba haka ba a bar ni haka nan. Halas, magana ta ƙare."

Ya juya fuska bango. Na fito ina jin haushin su duka biyu, na tsohon don taurin kai, na mijin don ya tambaya maimakon ya yi shiru ya ɗebo.

Baba ya cika da hantsi, a tsakiyar zafin da ke zuwa kafin damina. Aka yi masa wanka, aka kwantar da shi a kan angarib, gadon igiyar da ake ɗaukar gawa a kai, mata suka cika tsakar gida da kuka. Maigidana ya taya zuba ruwan wankan da hannunsa. Da aka fara ɗaura likkafani sai na ga ya ɗauki sandarsa a bayan ƙofa ya fice bai dubi kowa ba. Can sai ga Yaya ya fito daga ɗakin ajiya da fartanya a kafaɗa, ƙanina na biye da shi, sai Kawu, ƙanin Baba, tsoho mai dogara sanda, sai liman da sauran maza. Mace ba ta bin wannan tafiya. Na ja mayafi na bi su, Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kirana ban waiga ba.

Na tarar da maigidana tsaye, bayansa jingine da ganuwa, daidai wurin da ake sara. Ya ajiye sandar a ƙasa.

Yaya ya ce, "Ya zol, zih. Kai, matsa."

"Yaya, dubi can ƙarƙashin bishiya. Suna kallonmu."

"Su kalla. Don a kalla ake yi."

"In ka sara, ni da kai duk sijin za mu, kurkuku. Yarana fa? Ƙanwarka fa?"

"Ubana yana kwance rana tana cinsa, kai kana mini maganar asar? Wa ya ba ka rigar da ke wuyanka, ɗan auduga?"

"Shi ya ba ni. Wallahi Yaya, da da hali..."

Bai ƙarasa ba Yaya ya ɗaga fartanya ya kai sara ta saman kafaɗarsa. Maigidana ya cafke ƙotar da hannu biyu. Suka yi ta ja, ƙura ta tashi, liman yana cewa ku ji tsoron Allah ba mai jinsa. Sai Yaya ya saki ƙotar, ya buɗe tafin nan nasa ya kifa masa a kunnen hagu. Ƙarar ta kai har inda nake. Maigidana ya yi tangaɗi, fartanya ta faɗi, amma bai matsa daga wurin ba. Yaya ya shaƙe wuyan jallabiyar, ya ɗaga shi ya maka da ganuwa. Ya janyo shi ya sake makawa, ya sake. Ina jin yadda ƙeyarsa ke bugawa. Busasshiyar laka ta tsage, ɓawonta ya ɓalle yana zubo masa a ka da wuya da baya, shi kuwa ya sulale a hankali yana gogar bango har ya zauna, jini yana fita ta kunne yana bin gemu.

Na yi kan Yaya na rataye a wuyansa ina yaƙushi, ya wancakalar da ni da gwiwar hannu na faɗi a kan duwatsu. Ina ɗagowa na ga ƙanina ya ɗauki fartanya ya ɗaga sama. Har gobe ban san ko ganuwa ya nufa ko kan mijina ba, don a wuri ɗaya suke. Shi ma da na tambaye shi bayan shekaru cewa ya yi bai sani ba. Maigidana ya lalubo usur a ƙirjinsa ya sa a baki ya busa.

Ya busa, ba zan ɓoye ba. Danginmu sun riƙe wannan a kansa har ya koma ga Allah. Da ni ce a zaune a wurin, fartanya a saman kaina, da na busa har sai huhuna ya fashe.

'Yan sandan dama sun riga sun miƙe. Suka zo a guje, wasu da bulala wasu da bindiga, ba su tambayi wa ya yi me ba. Suka shiga cikin 'yan jana'iza suna duka ta ko'ina. Rawanin liman ya faɗi aka tattake. Kawu ya ɗaga sandarsa don ya kare fuska, aka ɗauka faɗa yake, aka sa masa gindin bindiga a baki, ya zauna a ƙasa yana tofar da haƙori. Yaya ya fizge fartanyar daga hannun ƙanina, ya juya wa duka baya ya nufi ganuwa, wai sai ya yi saransa. Mutum uku suka hau shi. Ɗaya ya danne masa hannu a kan dutse, ɗaya ya sauke masa gindin bindiga a ƙasan gwiwar hannu, na ji ƙashin ya karye kamar an taka kara. Yaya bai yi ihu ba, wani irin gurnani ya yi irin na raƙumin da aka kayar. Na kama hannun wanda ya buga na gantsara masa cizo har na ji gishirin jini. Abokinsa ya zabga mini bulala tun daga kafaɗa har haɓa. Tabon yana nan, jikokina suna cewa layin dogo.

Aka watsa Yaya da ƙanina da 'ya'yan Kawu a bayan mota kamar buhuna. Shawish ya zo ya duba inda laka ta ɓalle, ya dubi maigidana da ke zaune cikin ƙura, ya dafa masa kafaɗa a gaban kowa ya ce, "Kwayyis, madalla, gafir. Yau ka yi aikinka." Da ya sake yi masa bulala da ya fi masa sauƙi. Ya kuma ce 'yan sanda biyu za su raka gawar har maƙabarta, don kada a sake tayar da fitina.

Ni na ɗaga shi, ya dafa ni muka koma. Labari ya riga mu isa. Muna shiga Gwaggo ta jefe shi da murfin tukunya, wata ta tofa yawu a gabansa, wata ta ce ya ci amanar gidan da ya rufa masa asiri. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune kusa da angarib tana korar ƙudaje daga likkafani, ba ta ɗaga kai ba. Rana ta take, gawa ba ta jira, kuma ba ɗa ko ɗaya da ya rage a gidan da zai shiga kabari.

Na ja shi ɗakinmu na zaunar, na kawo ruwa. Ƙeyarsa ta dare, na danna tsumma na ɗaure. Na ce ya ɗaga hannu in cire rigar, bai ji ba. Na zagaya ta dama na sake faɗa. Na kama bakin jallabiyar ta baya zan ja sama, sai na ji nauyi. Aljihun baya ya cika fam da ƙasa, har da ɓarɓashin laka masu ƙaiƙayi a ciki, duk abin da ya zubo lokacin da yake sulalewa a jikin bango. Na sa hannu zan zazzage, ya damƙe wuyan hannuna.

"Bar ta, uwar yara."

"Da jinin nan za ka je?"

"Bar ta haka."

Muka dubi juna. Na saki rigar. Tsoro ya kama ni sosai, don 'yan sanda biyu suna tsaye a ƙofar gida, kuma abin da ke aljihun nan ya isa a ɗaure shi. Na ɗauko wani tsohon mayafi na yafa masa a kafaɗa ya sauko ta baya, kamar don ya rufe jinin. Ya miƙe ya fita yana tafiya a karkace.

Abin da ya faru a maƙabarta Kawu ne ya gaya mini da yamma, yana magana da ƙyar ta cikin kumburarren baki. Ya ce liman ya hana maigidana shiga sahu saboda jinin riga, ya koma gefe ya tsaya shi kaɗai, mutane suna tsaki. Da aka zo sauke gawa aka yi cirko-cirko ana neman wanda zai shiga, kafin a ankara ya dire cikin ramin. Wani maƙwabci ya kai masa shuri a kafaɗa ya ce ya fito, bai ko ɗago ba. Ya karɓi Baba ya kwantar, ya jera tubali. Da ya zo wajen kai sai Kawu, da ke tsaye a saman, ya ga ya kai hannu baya ƙarƙashin mayafi.

Kawu ya ce, "'Yata, nan take na gane. Sai na buɗe rigata na tsaya tsakaninsa da bolis, na fara Fatiha da ƙarfi, bakina yana jini. Ya ɗebo ya toshe, ya sake ɗebowa. Har ya juye aljihun ya karkaɗe."

Da ya dawo gida na duba, aljihun yana waje a juye. Na taimaka masa ya tuɓe. Na wanke rigar, jinin bai fita duka ba, ya ci gaba da sa ta a haka yana zuwa gadi har ta mutu. Maganar kuma daga ni sai Kawu sai Inna, don shawish yana nan kuma unguwa tana da baki.

Alƙali ya saki sauran, ya ɗaure Yaya a kan dokar asar. Hannun ya warke a karkace, bai sake iya riƙe gatarin fawa ba. Na ɗauki lokaci kafin zuciyata ta yarda in je ganinsa, amma na je, na hau mota na ƙetare kogi da ƙwaryar abinci. Na tarar ya rame, hannun yana rataye a wuya. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya shiga kabarin. Na faɗa masa, ya tofar da yawu gefe.

Na matsa kusa da wayar ƙarfen da ta raba mu na rage murya. "Yaya, an sa wa Baba ƙasarsa."

"Ƙarya kike."

Na gaya masa komai, aljihu da mayafi da rigar Kawu. Ya saurara yana kallon ƙasa. Da na gama ya girgiza kai.

"Wannan ba ita ba ce. Ƙura ce ta zube. Babban ɗa ke sara, da rana, mutane suna gani. Ni ban sara ba."

Na ji jini ya hau mini ka. Na ce, "Ka sara, Yaya. Da rana ka sara, duk unguwa tana gani. Da kan mijina ka sara."

Ya daɗe yana duban lafiyayyen hannunsa. Mai tsaron kurkukun ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi, na tura masa ƙwaryar ta ƙasan waya na miƙe. Har na kai ƙofa na ji ya ce, "Kunnen nasa fa?"

Na ce, "Ba ya ji."